Sai Mun Ga Holan

Ranar Juma'a ce, saura kwana biyu a buga wasan farko na kofin duniya. Zafin Doha ya sassauta, iska mai ɗan laima tana tasowa daga teku tana kaɗa tutocin da aka jera a titunan Mu'aither. Ina durƙushe kan akwatina ina kokawa da zif, don rigunan sanyi sun cika shi, sai wayata ta yi ƙara.

"Hafiza, fito. Ina bakin get."

Babu sallama, babu "Gimbiya" da ya saba kirana.

Na yafa mayafi na fita. Mijinyawa na tsaye jikin wata mota da ya aro, idanunsa sun yi ja. A kujerar gaba wani dattijo ne cikin babbar riga, yana jan carbi, ko kallona bai yi ba.

"Baffa Ɗalhatu ne," in ji shi. "Da safen nan ya sauka."

"Yau? Mijinyawa, ka san da magariba jirginmu zai tashi..."

"Shi ya sa ban bari ya huta ba. Tambaya ɗaya zan yi miki, don Allah ki gaya min gaskiya. Mami ta nemi Holan, ko ba ta nema ba?"

"Ban gane ba. Holan ɗin ai ita za mu je."

Ya zagaya ya buɗe bayan motar. Akwati ne babba. Da ya ɗaga murfin sai ga turamen atamfa a jere, sababbi, ƙamshinsu ya bugi hancina. Holan ce zalla, irin wadda Mami ba ta ɗaurawa sai ranar biki.

"Inna ta sayar da karsanarta biyu," ya ce a hankali. "Ta ɓoye min, don ta san zan hana. Na ce wa Baffa ƙasa ake nufi. Ya ce tun yaushe ake ƙirga ƙasa da turmi?"



A shekarar korona na san shi. Abba injiniya ne a wani kamfanin gas a West Bay, shi kuma Mijinyawa direba ne a can, kafin ya koma jan bas ɗin gasar ƙwallo. Da cutar ta kwantar da Abba a asibiti aka killace mu a gida, shi yake kawo mana cefane. Ya ajiye a bakin get, ya ja da baya, ya tsaya da takunkumi a fuska har sai na ɗauka.

"Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Ke fa? Idonki ya ce ba ki yi barci ba."

Wata uku ban san kamannin bakinsa ba, amma na haddace muryarsa.

A wannan jinyar ce kuma Abba ya yi mana alkawari. Ya kira mu ta bidiyo, bututu a hancinsa, yana magana yana hutawa. Ya taɓa zuwa Holan wani aiki, ƙasar ta zauna masa a rai. Ya ce gari ne da ruwa ya ratsa tsakanin gidaje kamar lunguna, ya ce tsofaffi da manyan ma'aikata duk a keke suke yawo, ya ce akwai ƙauyen da sai a kwalekwale ake zuwa gidan maƙwabci. "In Allah ya tashe ni, zan kai ku ku gani da idonku." Mami tana kuka tana amin. Aka rufe iyakoki, aka buɗe, biza ta yi ta ja mana rai. Sai bana, da aka ba makarantu hutu saboda ƙwallo, komai ya daidaita.

Shi ma Baffa ƙwallon ce ta buɗe masa hanya. Shigo da dattijo daga Gombe ba abu ne mai sauƙi ga direba ba, sai yanzu da katin 'yan kallo. Kuma namiji ba ya nemar wa kansa aure, dole sai babba ya zo ya zauna.

Abba ya dawo daga masallaci ya karɓe su a falo. Na laɓe bayan labulen ɗakin cin abinci. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka kawo ruwa da dabino. Baffa bai taɓa ba. Ya yi wa Mijinyawa alama, ya jawo akwatin tsakiyar falo ya buɗe.

Fuskar Abba ta sauya.

"Malam, mene ne wannan?"

"Abin da kuka nema."

"Lefe? Ba ku tambaya ba, ba a ba ku ba, sai ku fara da lefe? A ina ake haka?"

"Ni ma abin da na tambaya ke nan, Injiniya. Mu a wajenmu ba a yanka wa mai neman aure farashi tun bai yi sallama ba. Amma da aka yanka, mun kawo, don kada a ce ɗan yayana ba shi da kowa."

Abba ya ɗaga murya. "Safiyyatu!"

Mami ta fito tana gyara mayafi. Da ta ga atamfofin ta dafe ƙirji.

"Ni? Wallahi ban nemi ko ƙyalle ba. Mahaifiyarsa ta kira watannin baya ina kicin, hannuna duk kwaɓi. Ruƙayya ce ta ɗauka. Na ce ta gaishe ta, ta ce mata su bari sai mun ga Holan tukuna, mu dawo a zauna a tsanake."

Aka kira Ruƙayya. 'Yar yayan Mami ce, a gidanmu take zaune tun da ta samu aiki a Doha, ɗakinmu ɗaya. Yayanta Umar Faruq yana karatu a Delft, can Holan, kuma tun da aka fara maganar tafiya ba ta da hira sai tasa. Ta shigo tana murza zoben hannunta.

"Ni dai abin da Mami ta ce shi na faɗa."

"Haka ne, 'yata," in ji Baffa. "Da matar yayana ta ce miki turmi nawa, me kika ce?"

Ta ci gaba da murza zoben.

"Cewa kika yi, ai kun san girman gidan."

Ban san lokacin da na fito daga bayan labule ba.

"Ruƙayya... gado ɗaya muke kwana."

"To ƙarya na yi?" ta ce ba tare da ta kalle ni ba. "Ke kanki kin san ba ajinki ba ne. Yaya Faruq yana can yana jira, ke kina nan kina bin direban bas."

Mami ta daka mata tsawa, Ruƙayya ta fice da gudu.

A nan ya kamata komai ya ƙare. Gaskiya ta fito, kowa ya ji. Na ga kafaɗun Mijinyawa sun sauka, har ya ɗago ya dube ni.

Sai Abba ya yi dariya.

Na san Abbana, dariyar samun sauƙi ce, irin wadda yake yi in an gano kuskure a wajen aiki. Amma ta yi tsawo. Ya dubi turamen, ya sake fashewa har tari ya sarƙe shi.

"Yanzu fisabilillahi, a duk gidan babu wanda ya san Holan ƙasa ce? Har da sayar da shanu?" Ya share ido. "Kin gani ko, Safiyyatu? Tazarar da nake gaya miki ke nan."

Baffa ya mayar da carbinsa aljihu, ya miƙe a hankali.

"Mun san ƙasa ce, Injiniya. Ita dai tsohuwar, kalmar da ta sani ta ji, ta yi abin da uwa take yi. Neman aure na zo, ban zo a yi wa matar yayana dariya ba. Mijinyawa, rufe akwatin."

"Baffa, don Allah..."

"Rufe."

Na bi su har get, ba takalmi. Baffa ya shiga mota ya ja ƙofa. Mijinyawa ya tsaya da makulli a hannu.

"Gimbiya, saurare ni. Mako guda zai yi. Ki roƙi Abba ya ɗaga tafiyar ko da kwana ɗaya ne. Gobe ya taka ya je masaukinsa ya gaishe shi, shi ke nan. Na san Baffa, ƙafa yake so ya gani, ba waya ba."

"In ya ƙi fa?"

"In kika ce ba za ki je ba, ba zai tafi ya bar ki ba. Kin sani."

Kullum yana tsokanata in gajarta sunansa, ni kuma in ce sai an ɗaura. Ranar ban san ya fita daga bakina ba.

"Miji..."

Ya runtse ido. "Kada ki kira ni haka in za ki hau jirgin nan."

Na samu Abba a ɗaki yana jera fasfo a kan gado. Na durƙusa.

"Abba, kwana ɗaya kawai."

"Me na yi masa? Dariya zagi ce?"

"A wajensa zagi ce."

"To in mun dawo na je har Gombe. Khalas, shi ke nan."

"Abba, ba zai jira ba."

Ya zauna bakin gado. Tun jinyar nan numfashinsa bai koma daidai ba, in ransa ya ɓaci sai a ji yana fita da ƙara.

"Hafiza, ranar da na yi muku alkawarin nan likita ya riga ya gaya wa uwarku ta shirya. Ni na sani. Abin da na riƙe ke nan na tashi. Shekara biyu ina jiran in gan ku a kan gadojin Holan ku duka. Yanzu ki dube ni ki ce ba za ki je ba, sai in kira a soke."

Ya miƙo min fasfona.

Kalma ɗaya ce. Na buɗe baki, na dubi yadda ƙirjinsa yake hawa da sauka, na tuna muryarsa ta cikin bututu. Na ce a raina mako biyu ne kawai, zuciya za ta huce, Mijinyawa ai nawa ne.

Na karɓa.

Holan tana da kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. A Amsterdam gidaje sirara ne dogaye, sun jingina da juna a bakin ruwa, fitilu suna rawa a cikinsa tun la'asar don rana ba ta daɗewa. Kekuna sun fi mutane, sau biyu ana kusan buge Mami tana salati. A Utrecht muka sha shayi a wani shago da ke ƙasan titi, dab da ruwa. Auta, ƙanwarmu, ta ci cuku har ya ishe ta. Ko'ina mutane cikin riguna ruwan lemo suna kallon Doha a talabijin, ni kuma ina leƙen bayan 'yan kallo ko zan ga bas. A duk ƙasar ban ga Baturiya ɗaya da atamfa ba.

Umar Faruq ya zo daga Delft da furanni. Na gaishe shi da "Yaya", na koma ɗaki. Saƙonnina kuwa suna shiga wayar Mijinyawa, ana karantawa, babu amsa.

Ranar da muka shiga jirgin ruwa mai rufin gilashi, ana yayyafi, kowa yana ɗaukar hoto. Abba ya daɗe yana kallona.

"Tun da muka zo ba ki ɗauki hoto ko ɗaya ba."

"Ina kallo, Abba."

Da muka wuce ƙarƙashin wata gada, ya ciro wayarsa.

"Ba ni lambar dattijon nan."

Ya sa a lasifika don in ji. Baffa ya ɗauka daga Gombe, ana jin kukan awaki a bayansa. Abba ya yi sallama, ya ba da haƙuri, haƙuri na gaske, irin wanda ban taɓa jin ya ba kowa ba.

"Babu komai, Injiniya, na yafe. Kun ga Holan ɗin?"

"Mun gani."

"Madalla. Mu ma mun mayar da tamu kasuwa. Na jira ka mako guda a garinku, ina zaune da hulata. Maganar yara kuma a bar ta, Allah ya ba kowa rabonsa."

Da yamma Mijinyawa ya kira, karo na farko.

"Labarin ya riga Baffa isa gida, Hafiza. Yaran unguwa Inna Holan suke ce mata. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki."

"Zan je in durƙusa mata. Wallahi zan je."

"Ba fushi take da ke ba. Kunyarki take ji. In an ambaci sunanki sai ta rufe fuska. Ta yaya zan haɗa ku gida ɗaya?"

"Ka ce kana sona..."

"Ina sonki. Kwana ɗaya na roƙa."

Ya jira, ya jira, sannan ya yi min sallama cikakkiya ya kashe.

Da muka dawo Doha ana tsakiyar wasanni. Kwangilar bas ɗinsu ta ƙare da gasar, bai nemi wata ba, ya tattara ya koma gida. Ruƙayya ta kwashe kayanta zuwa wata unguwa, Umm Salal, tun kafin mu sauka. Abba bai sake ambaton tafiyar ba, hotunan suna cikin wayarsa bai nuna wa kowa ba.

Abin da aka rasa ba shi da wuyar faɗa. Inna ta rasa karsana biyu da fita cikin mata. Mami ta rasa 'yar yayanta. Abba ya rasa daɗin alkawarin da ya tashe shi daga gadon asibiti.

Ni mutum ɗaya na rasa.