Gwanin Tafki a Bakin Teku

Wata rana wata makaranta ta kai ɗalibanta bakin teku su koyi hawan igiyar ruwa a kan katako. Malam ya ce, "Kowa ya fara gwadawa a kan yashi. A kwanta, a durƙusa, sannan a miƙe."

Wani yaro ya ce, "Malam, ni ne gwanin tafkin garinmu. Ba na kwanciya, ba na durƙuso."

Ya ja katakonsa ya faɗa ruwa. Igiya ta sure shi, ta juya shi, ta watso shi kan yashi gaban 'yan ajinsu. Ya kwanta, ya durƙusa yana tari, da ƙyar ya miƙe.

Malam ya ce, "Madalla, gwani. Saura ka yi da katako."