Ɗan Fari a Daminar Sanyi

"Ina ka samo busasshen ice a wannan markar?"

Laure ce ta tambaya daga bayan dangar gidansu a Kafin Dafga, ta ƙudundune cikin zane biyu. Mijinta Maharazu ya ci gaba da sauke kaya daga kan jaki. Tun daga Ruwan Bago yake tafe, leɓɓansa sun yi fari fat.

"Ke dai a dafa miki ruwa."

"Malam, tambayarka fa nake yi..."

"Ƙyauren ɗakinmu ne da gadona. Na faskare su."

"Ƙyauren ɗaki? A wannan sanyin?!"

"Ɗakin da ba kya ciki me zan rufe? Ya yaron?"

Ta sunkuyar da kai. "Yana wurin Inna."

"Kin ɗauke shi yau?"

"Na ba shi nono."

"Ba shi na tambaye ki ba, Laurena. Kin rungume shi?"

"Haba Malam! Ɗan fari ne fa. A gaban su Gwaggo Tani?"

Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba aka yi wannan damina, wadda tsofaffin Ƙaraye suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. Ana tsakiyar noma, lokacin da ya kamata mutum ya kwana yana fifita, sai ga sanyi kamar ƙanƙara. Yayyafi ba dare ba rana, ice ya jiƙe, kaji suna mutuwa a akurki. A cikin haka Laure ta zo gida wankan jego da jaririnta, wanda aka raɗa wa suna Ilu.

Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu, ko sama za ta faɗo ba sa sakin al'ada. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi. Sai a kawo mata shi ya sha, ta kau da kai, a mayar wa kaka. Icen da Maharazu ya kawo ma duk a ƙarƙashin tukunyar wankanta ya ƙare, don Gwaggo Tani, yayar babanta, ta ce mai jego ce sanyi ke kamawa. Ɗakin mahaifiyarta Inna Yelwa, inda yaron yake kwana, ko garwashi babu.

Laure tana son yaron nan kamar ranta. Idan ya yi tari a ɗakin Inna, sai ta ji shi a nata ƙirjin. Amma kunya ta riƙe mata ƙafa.

Ranar Laraba da hantsi Inna ta shigo da shi.

"Ungo, ko zai kama. Tun asuba ya ƙi."

Laure ta karɓe shi. Tafin ƙafarsa kamar an tsoma a randa. Ta sa masa nono a baki, bai ja ba. Mata suna zazzaune, kowa ya zuba mata ido. Sai kawai ta kwance zanenta na sama, ta manna shi a ƙirjinta, ta rufe su tare.

"Ke Laure!" in ji Gwaggo Tani. "Yau kuma rashin ta-ido..."

"Ƙyale ta, Yaya," Inna ta ce a hankali.

Tana jin numfashinsa a fatarta, ƙanana, yana nisa da juna. Ta matse shi, tana hura masa ɗumin bakinta a ka. Har azahar ba ta motsa ba. Ba ta san lokacin da ya daina ba, ta dai ji ya yi nauyi.

Ba ta yi kuka ba. Aka zare shi daga jikinta, hannuwanta suka zauna yadda suke. Mata suna ta cewa, "Kai, yarinyar nan akwai kunya da haƙuri." Tana jin su kamar daga wani gida.

Kafin la'asar an kai shi. Maharazu bai sani ba, sai ga shi da yamma da wani kayan icen, ya tarar da maza a zaure ana gaisuwa. Da aka watse ya zagaya bayan danga. Tana nan tsaye cikin yayyafi, ko mayafi babu.

"Laure... sanyi zai kama ki."

"Ba na jin sa."

"Allah ya ba mu haƙuri, farin cikina."

"Amin." Ta dubi icen da ke kan jaki. "Wannan kuma na mene ne?"

"Turmi ne da kujerarki. Na ce wannan karon a ɗakin Inna za a hura."

Ta daɗe tana kallon icen.

"Malam, na rungume shi. Yau na rungume shi, a gaban kowa."

"Na ji."

"Amma ban taɓa kiran sunansa ba. Ko sau ɗaya bai ji shi a bakina ba."

Maharazu ya zura hannu ta tsakanin karan danga ya kama nata. Hawaye na bin fuskarsa, bai share ba.

"Kira shi yanzu. Ni kaɗai ne a nan."

Ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Ta sake gwadawa.

"Ilu..."

Ta kasa kunne, kamar za a amsa daga ɗakin Inna.

"Iluna!"

Sai a lokacin jikinta ya fara rawar sanyi.