Shakazoba Biyu a Buhun Taki

Ranar da Luba ta fara ganin Sha'aban, sau huɗu kanta yana bugun rufin mota tsakanin ƙauyensu da Tsanyawa.

Motar babanta ce, Malam Basiru, wata tsohuwar Golf da ta girme ta. Manomi ne, amma in kaka ta yi shi ke kai wakensa da na maƙwabta kasuwar Dawanau. Ranar buhu shida ne a baya, Luba na maƙale a gefensu, za a sauke ta gidan yayarta.

Baba ya tsaya a wata rumfar langa-langa a bakin titi, inda ake sayar da kayan ƙafar mota na hannu. Wani dogon saurayi ya fito, rigarsa ba a gane launinta na asali. Ya gaida Baba har ƙasa, ya dafa bayan motar ya danna, ya saki. Motar ta yi ta rawa ita kaɗai.

"Baba, shakazoban baya sun gama aiki."

"Na cikin motar ma sun kusa," in ji Luba daga tsakanin buhuna.

Ya leƙo. Bai yi dariya ba, amma ya manta abin da zai ce. Da kyar ya tuna cewa ba shi da masu kyau a ƙasa, in sun zo zai kira. Baba ba ya ganin ƙananan rubutu, don haka lambar Luba aka ba shi.

Kwana uku bayan nan saƙo ya shigo:

"Salam. Sha'aban ne mai kayan ƙafa. Kaya ba su zo ba. Ya kan naki?"

Ta amsa: "Yana nan. In ba su zo ba me ya sa ka turo saƙo?"

"Don kar a ce na manta."

Kaya suka yi wata biyu ba su zo ba, saƙo kuwa kullum. Ya fara zuwa zance bayan la'asar, a gajiye, ya zauna a dakalin ƙofar gida. Ba ya iya kalaman soyayya. Abin da ya iya shi ne yadda ake gane shakazoba mai rai: a kafa shi a ƙasa, a danna, in ya taso a hankali da kansa to yana da sauran kwana.

"Lubana, na gundure ki ko?"

"Ka gundure ni, Mai Rumfa. Ci gaba."

Matsalar ita ce Kamaruddeen, ɗan ƙanwar Baba, wanda shi ma yake neman auren Luba. Wata uku ya yi a shagon wani a Kano ya dawo da suna Injiniya, da tabarau wanda ba na magani ba. Ko ruwa zai nema sai ya fara da "actually". Baba na jin daɗinsa, don in yana magana Baba ba ya gane rabi, shi kuma a wurinsa ilimi ke nan.

Da kaya suka iso, Sha'aban ya zaɓi biyu mafi kyau, ya ce ba sayarwa zai yi ba, gaisuwar suruki ce. Ya zuba su a buhun taki yadda suka zo, da ƙasarsu da komai. Ya tarar da Baba a zaure da baƙi uku. Ya durƙusa, ya zazzage su a kan sabuwar tabarma.

Wani baƙo ya janye babbar rigarsa.

"Wannan fa?" in ji Baba.

"Na mota ne, Baba."

"Na ga na mota ne. A bola ka tsinto min?"

Sha'aban ya yi sallama ya fita. Washegari Kamaruddeen ya kawo nasa biyu a kwali, baƙaƙe wuluk, suna ƙyalli, har da leda. Baba ya ɗora su a kan sif yana nuna wa duk wanda ya shigo. Na Sha'aban aka tokare ƙofar garken awaki da su. Aka kuma ce kar a sake ganinsa a dakalin nan, bayan an gama sussuka za a ba Injiniya rana.

Luba ta yi kwana biyar ba ta amsa saƙo ba. Ana ta sussukar wake, bayanta na ciwo, ga Injiniya kullum da yamma yana mata bayanin yadda Kano take, kamar a bayan duniya Kanon take. Rana ta shida ta rubuta:

"Ko omo na naira hamsin ba ka da shi? Ka kunyata Baba, ka kunyata ni. Na gaji wallahi."

Amsa ta zo nan take:

"Lubana, ai ba a wankewa. In an wanke ba a ganin ko yana yoyon mai. Na bar su haka ne Baba ya gani da idonsa a bushe suke. Wanda aka wanke aka fesa wa fenti shi ake tsoro."

"To me ya hana ka faɗa a zauren?"

"Na ɗauka kowa ya sani."

Ta ajiye wayar ta dubi sama. Cikin samarin ƙasar nan kaf, wannan ta zaɓa.

Da safe Baba na shan koko a tsakar gida, ta sauko da kwalin daga kan sif, ta ɗauko na garke, ta jera huɗun a gabansa.

"Baba, ka yi haƙuri, abu ɗaya zan nuna maka."

Ta kafa mai ƙyalli a ƙasa ta danna. Ya shige ba gardama, ya zauna a ciki. Aka jira. Bai fito ba. Ɗan'uwansa ma haka, har da fenti a tafin hannunta. Ta kafa mai datti, sai da ta hau shi da dukkan nauyinta kafin ya sauka. Ta saki. Ya taso a hankali, har ƙarshe.

Baba ya daɗe yana kallo.

"Wato zaman da kuke yi a dakali sana'a yake koya miki."

"Ba ya iya wata hirar, Baba."

Inna Larai, mahaifiyarta, ta juya baya tana gyaran murhun da ba abin da ya same shi, kafaɗunta na rawa don dariya.

Baba ya tashi. Ya kwashi masu dattin ya fita. Daga baya aka ji wurin Tasi'u bakanike ya kai aka ɗaura. Ya yi Dawanau da buhu bakwai ya dawo kafin magariba. Ya fito daga motar bai dafa ƙugu ba, abin da Inna ta ce rabonta da gani tun Luba na goye.

Ya wuce ciki, ya dawo, ya tsaya a bakin madafa yana kallon wani wuri daban.

"Larai, a ce wa yaron nan ya turo magabatansa."

Da Kamaruddeen ya ji, ya ce actually shi ma a haka aka sayar masa, bai taɓa buɗe ledar ba. Wannan kam kowa ya yarda.

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a, wata biyu da gama kaka. Kafin a tafi da amarya Baba ya sa aka kira su biyun zaure. An ce ya kwana uku yana shirya nasiha. Da suka durƙusa a gabansa, Luba na kuka a cikin mayafi, sai nasihar ta gudu.

Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Ke, ki yi haƙuri da shi, mutumin kirki ne, baki ne ba shi da shi. Kai kuma, duk abin da kake ganin kowa ya sani, ka faɗa mata. Ba kowa ya sani ba."

"To, Baba."

"Fara yanzu, ina ji."

Sha'aban ya sunkuyar da kai, gumi na zuba a sabuwar shaddarsa.

"Ina son ta, Baba."

"Ba ni za ka gaya wa ba."

Ya juya kaɗan. "Lubana, ina son ki."

"Na ji," ta ce daga cikin mayafi. "Ka daɗe."

Baba ya ɗora hannu a kanta, ya ɗora ɗayan a kan Sha'aban.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ku tashi ku tafi, kafin ni ma na fara."