Goyon Tasalla

Da Malam Inuwa ya ɗora ƙafa a kan feda, sai hular da ke kansa ta yi ɗan ƙara kamar kukan sauro, ta ɗauki ɗumi a bayan kunnuwansa. Bai yi nisa ba ya ji bayan keken ya nutse da wani nauyi da ya sani ko a cikin barci. Hannu ya kama gefen rigarsa.

"A hankali mana, akwai ƙwai a kwando," in ji muryar Tasalla, matarsa da ta daɗe da rasuwa.

Keken ya yi tangal-tangal, saura ƙiris tsohon ya rungumi bishiyar kwakwa. Hawaye suka zubo masa, bai ko damu ya share ba.

Wannan shi ne Keken Tuna-baya, kuma shi ya ɗago tsofaffin mahaya keke na Fagge daga Kano zuwa hutu a wannan tsibiri na tsakiyar teku. A Kanon yanzu, wadda aka lulluɓe da rumfar gilashi saboda zafi, motoci ke tuƙa kansu, keke kuwa sai dai a gan shi a gidan tarihi. A tsibirin an shimfiɗa musu hanya a bakin ruwa. Hular tana karanta tunanin mahayi, ta zaƙulo mutumin da ya fi sabawa da goyawa, ta aika wa keken nauyinsa, ta aika wa kunne muryarsa.

Tun da safe Injiniya Hansatu, mai kula da kekunan, ta ja musu kunne. "Iyayena, tunani ba kaset ba ne. Duk lokacin da na'urar ta ɗauko shi, sabo take rubutawa ta mayar, inda ta ga giɓi kuma ta cike da abin da ta samu. Ku hau da safe kawai, sannan ku cire hular."

"Yarinya, muna kan keke tun kafin a raɗa wa babanki suna," in ji Alhaji Barau, aminin Inuwa, wanda bakinsa ya fi ƙafarsa gudu. Aka kwashe da dariya, gargaɗin ya bi iska.

Inuwa bai zo don kwakwa ko iskar teku ba. Alkawari ya zo cikawa. A ƙuruciyarsu, duk Juma'a yakan goya Tasalla zuwa kasuwar Wudil, kuma duk sanda suka hau gadar kogin sai ya ce wata rana zai kai ta ta ga teku. Ita kuwa ta ce, "Da wannan akwalar keken?" Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa faɗin sunansa ba, alkunya irin ta matan garinsu. Suna ta laƙaba masa na tsokana, Direbana, tun da ko ƙyauren mota bai mallaka ba. Sai suna su biyu a kan hanya take faɗinsa. Ko 'ya'yansu ba su san shi ba, kuma duk abin da ta bari a duniya babu wanda yake tattali kamar wannan suna.

Washegari ayarin ya hau wani tudu, teku ta buɗe a gabansu shuɗiya har iya ganin ido. Inuwa ya rage gudu ya bar sauran suka wuce.

"Ga ta nan," ya ce. "Na kawo ki."

"Inuwa, ashe haka take da girma!"

Ya damƙe birki. Tasalla ba za ta taɓa cewa haka ba. Ya gane na'urar ce ta tarar da giɓi, domin ba su taɓa zuwa bakin teku tare ba, ta cike shi da sunan da ta ji ana kiransa. Ya kai hannu zai cire hular. Amma fa sunansa a bakinta, abin da ya yi shekara arba'in yana sha'awar ji bai taɓa roƙa ba! Kwaɗayi mabuɗin wahala, ya san haka sarai. Ya sauke hannun, ya ce, "Sake faɗa."

Daga ranar ba ya sauka. Sauran tsofaffi suna ƙarƙashin inuwa suna shan ruwan kwakwa suna musun wa ya fi gudu a zamanin da, shi yana zagaye tsibirin da rana tsaka, yana nuna mata jiragen ruwa. Hansatu ta tare shi, ya ce mata zagaye ɗaya ya rage.

Ran komawa, a cikin jirgin ruwa, Barau ya zungure shi da gwiwar hannu. "Ango, ka sha amarci. Wai don Allah me marigayiya take kiranka ne? Na dai san ba ta faɗin sunanka."

Inuwa ya yi murmushi, ya shirya hana shi kamar kullum, ya leƙa zuciyarsa don ya ɗanɗana sunan shi kaɗai. Ya tarar da hanyar Wudil, amma kwakwa ce jere a gefenta, ƙarƙashin gadar kuma teku ce ke tumbatsa. Tasalla na bayansa riƙe da rigarsa, tana cewa Inuwa. Ya koma wata Juma'ar, ya koma wata. Ko'ina Inuwa.

Ya miƙe yana dafa kujeru har inda Hansatu take.

"'Yata, akwai wani suna da take kirana da shi. Duba min a cikin na'urarku."

Hansatu ta sunkuyar da kai. "Baba, ba ta ajiye tsohon tunani. Wanda ke cikin kanka yanzu, shi ke nan."

Ya koma ya zauna yana kallon tsibirin yana ƙanƙancewa a bayansu. Ya cika alkawari, ya kai ta teku. Barau ya bar shi yana motsa leɓe, yana gwada sunaye ɗaya bayan ɗaya ko wani zai yi kama da muryarta.