Katin Hoton Manaja

Injiniya bai taɓa yin kuskure a kan abin da ake jona wa wuta ba. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma ba a taɓa samun wanda ya musa a gidan ba, tunda shi ne mai gidan.

Wannan jinin ne ya kai 'yarsa Auta shagon kayan kwamfuta, riƙe da takardar da ta yi wata uku tana rubutawa. Kwamfutar wasa take so ta haɗa da hannunta, ba irin wadda ake saya a kwali ba.

Saurayin da ke bayan kantar shagon ya karɓi takardar, ya duba, ya ɗago ya kalle ta, ya sake dubawa don ya sami dalilin sake ɗagowa.

"Wannan furosesar ba za ta zauna a kan wannan madabod ɗin ba."

"Za ta zauna."

"Ba gurbinsu ɗaya ba, ranki ya daɗe. Sai dai da guduma."

"To kawo gudumar."

Ya ɗauko su duka biyu, ƙwaƙwalwar kwamfutar da allon da ake dasa ta a kai, ya jera mata. Ta gani da idonta, ta ce dama gwada shi take yi. Daga ranar sunansa a wayarta ya koma Malam Guduma. Shi kuwa da ya ji ita ke jan ƙungiyarsu a wasa, ya sa mata Kyaftin.

Kwamfutar da ake haɗawa a yini guda sai ga ta ta cinye wata biyar. Sati biyu suka yi suna musu a kan ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta. Wata guda a kan fanka mai fitila.

"Kyaftin ɗina, fitila ba ta ƙara gudu," ya rubuto mata.

"Kai ma ba ka ƙara min gudu, amma ga shi kullum ina shagonka."

"Na ajiye miki fankar. Uku ma."

Saura katin hoto, mai fitar da hotunan wasa, da akwatin wuta, wato abin da ke raba wa sauran kayan lantarki, labarin soyayyarsu ya kai kunnen Injiniya.

"Mai hura wa kwamfutar mutane ƙura? Shi za ki kawo min?"

"Shi, Baba."

"Ɗan abokina fa, Manaja? Ofishinsa har da kafet."

"Ba kafet zan aura ba."

Manaja ba ya wasa da dama. Washegari ya aiko da katin hoto mafi tsada da aka nuna masa, mai fanka uku, tsawonsa kamar damtsen mutum. Bai san aikinsa ba, amma ya bar takardar farashin a jiki.

Kwana biyu Malam Guduma bai kira ba. A na uku saƙo ya shigo.

"Na ji an gama miki kwamfuta. Allah ya sanya alheri. Irin wannan katin ba ya shagona."

Auta ta karanta sau biyu, ta mayar masa da amsa cikin haushi.

"Baba ne ya karɓa, ba ni ba. Yana cikin kwalinsa, kuma da kwalinsa zai koma. Ka zo gidanmu ka daina min kishi ta waya."

Ya zo da rigar da aka goge har ta gaji. Ya durƙusa ya gaida Injiniya, wanda tuni ya baje kayan a teburin falo, ya farke kwalin Manaja, ya kuma ciro akwatin wuta daga tsohuwar kwamfutar ofishinsa.

"Baba, kada ka sa shi," in ji Auta. "Mayarwa zan yi."

"Yau zan nuna miki ba kya buƙatar wannan yaron ko a kwamfuta. In ta tashi, maganarsa ta mutu."

"Ko ta tashi sama, shi zan aura."

"Ranka ya daɗe," saurayin ya ce, kansa a ƙasa, "wannan akwatin wat ɗari uku ne, kuma ya tsufa. Katin nan ɗari takwas yake nema. Ko wayar da za ta shiga katin ma babu."

"Waya? Kafin a haife ka nake haɗa waya."

Ya yanke, ya murɗe, ya naɗe da salatif. Ya gyara tabarau, ya danna.

Fankokin suka yi juyi ɗaya na ban girma. Aka ji tas. Wani siririn hayaƙi ya taso, falon ya ɗauki ƙaurin roba.

Umma ta leƙo daga kicin. "Me ke ƙonewa?"

"Gwaji ne," in ji Injiniya.

Malam Guduma bai ce ai na faɗa ba. Ya zare filogi, ya nemi izini, ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Madabod ta tsira, furosesa ta tsira, ram ma haka. Katin Manaja ne kaɗai ya riga mu gidan gaskiya.

"Lantarkin unguwar nan ba shi da tabbas, Baba," ya ce.

Injiniya ya daɗe yana kallonsa. "Abin da nake shirin faɗa ke nan. Yaron nan yana da fahimta."

Auta ta buɗe baki, Umma ta take mata ƙafa.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Umma ta riƙe hannuwansu tana hawaye, ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Injiniya ya shaida wa baƙi cewa tun ranar farko ya gane yaron. Kwamfutar tana ɗakin amarya da matsakaicin kati da akwatin wuta mai ƙarfi, fankokinta uku suna walƙiya ba tare da sun ƙara gudun komai ba.

Sai dai Manaja ya aiko cikin ladabi yana tambayar kayansa.

Ranar wata Litinin da hantsi, Auta na zaune bayan kanta tana taya mijinta jera kaya, sai ga Injiniya ya shigo. Ya duba rufi, ya duba fankoki, sannan ya tura wa surukinsa guntuwar takarda mai sunan katin.

"Wani abokina ke so. Sabo, a kwalinsa."

"Za a samo, Baba."

Auta ta sunkuya don ɓoye dariya, tana neman abin da bai faɗi ƙasa ba. Injiniya ya zaro katin bankinsa, ya miƙa ba tare da ya tambayi farashi ba.