Kwana Uku Kafin a Buɗe Famfo

Magariba ta kawo jiki, ana cin abinci a tsakar gida, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi ya gangaro. Auta ta je ta ɗauka, ta sake shi da sauri. Zafi gare shi kamar an tsamo shi daga murhu.

Ubanta, wanda unguwa ke kira Injiniya, bai ko ɗaga kai ba. Mutum ne mai raini. A bayan gari yake aiki, inda kamfani ya huda ƙasa har zurfin da dutse ke ci da zafi. Shi ke buɗe famfon da ke danna ruwan sanyi can ƙasa, ya dawo tururi, tururi ya juya inji, gari ya sami lantarki. Wansa kuwa, da suke gida ɗaya, farantan sola yake kafa wa mutane. Injiniya ba ya kiransa sai Mai Shanya, wai gajimare ɗaya ya gifta sana'arsa ta tafi hutu. Wan yakan ce shi dai mafi munin abin da aikinsa ya taɓa yi masa shi ne tsani ya zame da shi, kuma bai taɓa jin faranti ya girgiza gari ba.

Kwana shida ana jifa, kullum da faɗuwar rana. Kwano ya lotse, gilashin taga ya fashe, amma farantan da ke kan ɗakin wan ko ƙwarzane babu. Injiniya ya ce 'yan iskan unguwa ne.

Ran na bakwai Auta ta kama rawar sanyi. Bargo uku, haƙora na karo, asibiti suka ce ba su ga komai ba. Tun rasuwar uwarta bara, ita kaɗai ta rage wa Injiniya, ita ke dariya irin ta marigayiyar. Ya zauna bakin gadon yana riƙe da hannunta, hannun kamar ƙanƙara. Da wansa ya ce zai kira malam, bai yi ba'a ba.

Malamin tsoho ne, ba ya gaggawa. Ya yi karatu har hasken taga ya koma ja. Sai Auta ta miƙe zaune, ta kalli ubanta sheƙeƙe, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Kai ne mai famfon? Na zaci wani babban abu zan gani."

Malam ya tambaye ta ko wace ce, me yarinya ta yi mata. Ta ce yarinya ba ta yi mata komai ba, sanyin da ake ɗura wa 'ya'yanta ne ta kawo a ɗanɗana. Can ƙasa gidanta yake tun ba a san gari ba.

"Uwar yarinyar nan ko ruwan zafi kofi ɗaya za ta zubar sai ta yi bismilla, kada ta ƙona 'ya'yan wani. Kai kuwa tanki-tanki kake kwarara mana, kana fito. Ga wutar rana can a sama tana zuba kan rufinku tun safe, ba gidan kowa ba ce. Kun raina ta, kun zo tonon murhuna."

Injiniya ya ce shi ma'aikaci ne kawai, in ya bari wani zai buɗe. Ta yi dariya, ta ce ta sani, ai shi ya sa ba ta roƙe shi abin da ya fi ƙarfinsa ba. Malam ya ce ta faɗi sharaɗinta ta fita. Ta nemi wata guda famfo a rufe, ta kwashe iyalinta. Injiniya ya ce kwana uku kaɗai zai iya, in ya gaya wa kamfani inji ya sami matsala.

"Har a ceton 'yarka ciniki kake. To, ukun. Bayan nan ku zuba son ranku. Dutsen da muke tokare da shi a bayanmu, sai ku tokare shi da takardunku."

Auta ta yi atishawa ta sulale. Hannunta ya fara ɗumi a cikin na ubanta.

Ya cika alkawari. Safiyar rana ta huɗu shugabansa ya ce a buɗe. Injiniya ya daɗe tsaye, hannu kan ƙarfen, yana kallon rufin gari daga nesa. Sai ya cire hular aikin ya aje. Bai kai ƙofa ba ya ji wani ya murɗa famfon, ruwa ya fara gurnani a bututu.

Ya wuce gida kai tsaye. Ya shiga ɗakin Auta ya kama gadonta ta wajen kai.

"Yaya, zo ka kama mini. Tsakar gida za mu kai shi, nesa da bango, kafin ƙasa ta motsa."