Tubalan Bayan Farin Dutse

Saura kwana huɗu bikin 'yarta Katriona, ga kifi arba'in kwance cikin gishiri, amma Dolina ba ta da abin kyafa su. A tsibirinsu babu itace. Baƙar ƙasar fadama ake yankawa kamar tubali, a shanya, da ita ake girki, da ita ake banda. To bana ruwan sama bai ɗaga ƙafa ba, tubalan kowa sun jiƙe sharkaf. Ga dangin ango za su tsallako teku, kowa da ɗokin bandar Dolina da ake ta ba su labari.

"Ki dafa musu da ruwa mana," in ji mijinta Tormod. "Ciki bai san banda ba."

"Kai ne dai ba ka san kunya ba."

"Na ga inda idonki yake. Kada ki wuce farin dutse, Dolina. Wanda ya yanka tubalan da ke tule a bayansa ma, da ya ga abin da ya gani, bai koma kwasa ba."

Ta ɗauki kwando ta fice, rana na shirin faɗuwa.

Tulin yana nan inda aka bar shi shekara talatin. Ko'ina ruwa, amma tubalan a bushe ƙayau, har da ɗumi kamar kujerar da aka tashi daga kai yanzu. Wannan kaɗai ya isa mai hankali ya juya. Ina! Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Ta cika kwandonta.

A bukkar banda da ke bakin teku ta rataye kifin, ta hura wuta. Hayaƙin da ta sani ƙamshin ƙasa da tsohuwar ciyawa yake yi. Wannan kuwa rawaya ne, mai nauyi, ƙauri kamar ana babbakar kan rago. Tubalan suna tsattsafo mai, yana ɗiga kan garwashi, cuu, cuu.

Aikin da kan ci kwana biyu, amma kafin duhu ya gama rufawa kifin ya yi jawur yana ƙyalli. Ta gutsuri wutsiyar ɗaya, yadda kowane mai banda ke yi. Zaƙi-zaƙi, maiƙo ya manne mata a harshe. Ta haɗiye.

Wani abu ya maƙale mata a haƙori. Ta ja. Gashi ne, ja, dogo. Ta ja, ta ja, tana jin yana tahowa daga maƙogwaro.

Tir! Ta fasa tubali ɗaya a gwiwa. Gashi a cure. Farce biyu. Da rabin kunne, baƙi kamar jemammiyar fata.

Sai ta ji taku a waje.

Caɓal. Caɓal.

Wari ya riga shi shigowa, irin na ruɓaɓɓen ƙwai.

Mutum ne, ko kuwa dā can mutum ne. Ya lotse kamar tsohuwar jakar fata, da igiya a wuya. Gefen jikinsa duk gurabe ne masu kusurwa huɗu, inda shebur ya bi ya yanka.

Ya durƙusa gaban kwandon. Yana ɗaukar tubalan ɗaya-ɗaya yana cusawa a guraben, tsaf suke zama.

Sannan ya miƙe ya kama kifin farko, ya lashe shi daga kai har wutsiya. Na biyu. Na uku. Dolina na manne da bango tana jin ƙarar harshen.

A kan mai gutsurarriyar wutsiya ya tsaya.

"Da saura," ya ce, murya kamar ruwa a cikin laka.

Ya juyo. Ya kawo fuskarsa dab da bakinta, ya shinshina.

"Buɗe."

Yatsa mai sanyi, mai yauƙi, ya shige tsakanin leɓunanta.

Ta kelaya amai a ƙasa. Abin ya sake ta, ya kifa kai, ya hau lasa.

Ta tsallake bayansa. Ba ta san ta bar takalmi ɗaya ba sai a ƙofar gida.

Da safe Tormod ya tarar da kifi arba'in fari fat, sai yauƙi. Ya watsa su a teku, ko tsuntsu bai sauka a kansu ba. Ranar biki naman tunkiya da dankali aka ci. Uwar ango ta taɓe baki ta ce, "Ashe bandar a baki take." Kunyar da Dolina ta guda, ta sha ta har ta ƙoshi.

Abin da ya karya ta shi ne lokacin sallama. Katriona ta rungume ta, sai ta ja da baya tana toshe hanci.

"Mama, kin ce ba ki yi banda ba. Me ya sa bakinki ke ƙauri?"

Dolina ba ta ƙara hura wutar banda ba. Har yau, duk safiya sai ta zaro jan gashi ɗaya daga haƙoranta. Takan kai shi kan farin dutse tun da sauran rana, don kada mai shi ya biyo sawu. Washegari ba ta tarar da shi.